Ƙibar yara: ba kowane kumatu ne alamar lafiya ba

A nan Adar, idan aka ce za a yi maganar jikin yara, tunanin kowa tamowa yake tafiya. Da gaskiyarmu kuwa, domin ba mu manta shekarar 2005 ba, bayan da fari da fara suka cinye amfanin gona, mata suka yi ta layi da ƴaƴansu a goye a wuraren jinya na Tawa da Keita. Har a binciken abinci na ƙasa na 2022, an samu yara 47 cikin 100 na ƴan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. Shi ya sa duk uwar da ɗanta ya yi ɓul-ɓul, a kasuwa yaba mata ake yi, a ce ta iya goyo.

To amma, jama'a, akwai wata cuta da ke shigo mana ta ƙofar baya, kuma gidajen da suka ɗan samu rufin asiri take fara sauka, wato gidajenmu na ƴan kasuwa. Ita ce ƙibar yara wadda ta wuce ƙa'ida.

Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ce a 2022 yara da matasa miliyan 160, masu shekara 5 zuwa 19, suna ɗauke da muguwar ƙiba. A watan Satumba na 2025 kuma, UNICEF ta bayyana cewa karo na farko a duniya masu irin wannan ƙiba a cikin ƴan makaranta sun fi ramammu yawa. Yankinmu na Afirka kudu da Sahara bai kai nan ba tukuna, amma hanyar da wasu suka bi muka ɗauka. Yaron da ya tashi da ƙiba yakan girma da ita, ita kuma takan ja ciwon sukari, hawan jini da ciwon gwiwa, cututtukan da maganinsu ke iya cinye jarin mutum gaba ɗaya.

Gado ne?

Da an yi maganar, sai ka ji an ce: ai jikin gidansu ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Akwai gaskiya a ciki. A 1986 an fitar da wani bincike a kan mutum 540 na ƙasar Danmak waɗanda aka ba riƙo tun suna ƙanana. Da suka girma, sai aka tarar jikinsu ya bi na iyayen da suka haife su, bai bi na mariƙansu ba. A 2007 masana a Ingila suka gano wata ƙwayar gado mai suna FTO. Babban mutumin da ya gaje ta ta wajen uwa da uba yakan fi waninsa nauyi da kamar kilo 3.

Kilo 3 fa, ba 30 ba. Gado yana sa wani yaro ya fi wani jin yunwa, ko jikinsa ya fi saurin ajiye kitse, amma jinin mutane bai sake cikin shekara 40 ba. Abin da ya sake shi ne abin da ke cikin kwano da yadda yara ke wuni. Gado kamar ƙasar fadama ne: tana karɓar iri da sauri, amma sai abin da aka shuka take fitarwa.

Akwai kuma wani gadon da ya shafe mu kai tsaye, wanda yunwa ke bari. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1944 da 1945, an yi yunwa mai tsanani a ƙasar Holan. Da aka auna samari wajen 300,000 daga baya, an ga waɗanda yunwar ta samu iyayensu mata a farkon ciki sun fi saura ƙiba. Jikin da ya san yunwa tun a ciki yakan koyi ɓoyo, kamar magidancin da ya taɓa ganin rumbu wayam. Ke nan yaron Tama ko Buza da aka haifa ƙarami, ko ya yi tamowa ya warke, idan aka cika shi da mai da sukari, shi ne ya fi kusa da ciwon sukari in ya girma. Ƴaƴan 2005 yau sun wuce shekara 20, wasunsu ma sun yi nasu ƴaƴan.

Me muke ba su?

Mu duba kanmu. Uwa ta fita da sassafe da kayanta, ba lokacin dama kunu, sai ta miƙa wa yaro dala ashirin. A bakin lakol abin da zai tarar shi ne fanke, soyayyar awara, alawa, biskit da ruwan zaƙi na leda mai ƙanƙara. Idan ya biyo ta kasuwa yana kuka, da lemun kwalba za a lallashe shi don a samu a yi ciniki.

Gwangwanin Coca-Cola ɗaya na santilita 33 yana da giram 35 na sukari, wato ƙwaya 6 zuwa 7. OMS kuwa ta ba da shawara tun 2015 cewa abin da ya fi shi ne kada sukarin da mutum ke ƙarawa a rana ya wuce kamar giram 25. Mai kuma, giram ɗaya nasa ya ninka na garin gero ƙarfi fiye da sau biyu, shi ya sa ƙosai ƴan kaɗan ke yi wa jiki abin da kwanon dafaffen wake ba ya yi. Abin mamaki, yaro na iya yin ƙiba da irin wannan ci, jininsa kuma bai isa ba.

Mafi muni shi ne ƙwayoyin ƙiba da masu tallar magani ke yawo da su ranar kasuwa, waɗanda ake kira sha-ka-fashe. Da yawansu dexamethasone ne ko danginsa. Fuska suke kumburawa, su hana yaro tsawo, su raunana ƙashi, su karya garkuwar jiki. Wannan kumburi ne, kada a kira shi ƙiba, balle lafiya.

Ina wasan dandali?

Iyayenmu ba su san wani abu wai shi motsa jiki ba, domin rayuwarsu duka motsi ce. Matan da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin Projen Keita, wanda aka soma a 1984, suna nan da ransu. A Tawa aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma a dandalin ƙauye ƴan kokowa ke koyon kamu. Ga langa, ga carafke, ga gaɗa da farin wata.

Yau ɗan mai shago kabu-kabu ke kai shi lakol, in ya dawo sai gaban telebijin ko salular uwarsa. Ƴa mace kuma da ta fara tasawa sai a ce ta zauna gida, gudu ba nata ba ne. OMS ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar awa ɗaya ta wasa mai sa zufa kowace rana; mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada kallonsa ya wuce awa ɗaya. Sai dai a sani, wasa kaɗai ba ya goge ɓarnar baki: lemun gwangwani ɗaya, sai babban mutum ya yi tafiyar kusan rabin awa da sauri kafin ya ƙone shi.

Abin yi

Maganin yana kasuwarmu, kuma ya fi araha. Jariri a ba shi nono zalla har wata 6. Bayan nan kunun gero da garin wake ko ƙuli-ƙuli, ƙwai in an samu, zogale, rama, kabewa, tumatir da albasar Galmi da muke alfahari da ita. Fura da nono ba sai an zuba mata sukari ba. In za a ba yaro abin taɓawa, gyaɗa, aya, magarya ko mangwaro sun fi alawa. Abin sha na kullum ruwa ne. Lemu a bar shi sai ranar suna ko salla.

Kada kuma a ce za a hana yaro abinci don ya rame, ko a riƙa yi masa ba'a a gaban ƴan uwansa. Abincin gida duka ake gyarawa, har da kwanon maigida. A kai yaro awo a CSI, a nemi ma'aikacin lafiya ya auna tsawo tare da nauyi ya rubuta a karne, domin ido yana ruɗi.

Ku kuma ƴan uwa masu talla a bakin lakol, ba mu ce ku bar sana'arku ba. A rage sukari a zoɓo, a daina maimaita mai har ya yi baƙi, a ajiye dafaffen wake da dankali kusa da kaskon suya. Masu saye ƴaƴanmu ne duka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, amin.