Kuɗin hayar tarakta da injinan gona: abin da ya kamata ku sani

Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, tambayar da ke yawo a majalisun manoma ita ce: bana nawa ake haro? Amsar kuwa ba ta zuwa ɗaya. Wannan zai faɗi abin da ya biya, na kusa da shi ya rantse cewa an karɓi ƙasa da haka a wajensa, kuma mai yiwuwa dukansu gaskiya suke faɗa. Hayar tarakta ba ta da farashi a rubuce. Da baki ake yanke ta, tsakanin mai gona da mai mota ko dillalinsa, kuma tana sauyawa daga gari zuwa gari, daga farkon damina zuwa tsakiyarta. Saboda haka haddace kuɗin bara ba zai amfane ku da komai ba. Abin da zai amfane ku shi ne sanin abubuwan da suka taru suka zama wannan kuɗi, domin da su ake gane ko an yi muku adalci.

Dizal ne ke jan ragamar

Galibin taraktocin da ke aikin haya a ƙasar Hausa masu ƙarfin doki 60 zuwa 80 ne, irin su Massey Ferguson 375 da Mahindra da John Deere da New Holland. Irin wannan mota, idan tana jan garma mai faifai uku, takan ɗauki kimanin awa uku kafin ta kafce hekta ɗaya, ta kuma sha dizal tsakanin lita 15 zuwa 25, gwargwadon taurin ƙasa da lafiyar injin. Haro ya fi sauƙi. Faɗinsa ya fi na garma, ba ya nitsewa sosai, don haka yakan ci kamar rabin wancan man, ya kuma gama da wuri. Huɗa ma kusan haka take. Wannan ne dalilin da ya sa kuɗin kaftu ke gaba da na haro a ko'ina, kuma duk wanda ya yi muku kuɗi ɗaya a kan ayyukan biyu, to ko dai ya tsawwala a ɗaya, ko kuma ba zai yi ɗayan yadda ya kamata ba.

Shi kuwa dizal, kowa ya ga abin da ya faru da shi. A watan Janairun 2022 matsakaicin farashin lita a Najeriya bai kai naira 300 ba. Kafin shekarar ta ƙare ya wuce naira 800, a 2024 kuma ya haura naira 1,300. Janye tallafin fetur a watan Mayun 2023 bai taɓa dizal kai tsaye ba, domin shi an daɗe da sakar wa kasuwa farashinsa, amma ya taɓa ƙananan injinan da ke shan fetur, kamar na ban-ruwa da wasu injinan casa. Sai kuma faɗuwar naira bayan an sake ta a watan Yunin 2023, wadda ta ɗaga kuɗin taya da faifan garma da batir da duk wani kayan gyara da ake shigowa da shi daga waje. Manomin da ke kwatanta kuɗin haro na yau da na 2021 yana kwatanta zamani biyu ne daban.

Bari mu yi lissafi na misali, da alƙaluman da kowa zai iya sauyawa da na garinsu. A ce lita naira 1,200 ce, kaftun hekta ɗaya kuma ya ci lita 20. Dizal kaɗai ya tashi naira 24,000. A ce kuma mai motar ya saye ta da kayan aikinta a kan naira miliyan 30, yana sa ran ta yi masa shekara takwas. Idan tana yin hekta 300 a shekara, kowace hekta sai ta biya naira 12,500 kafin kuɗin motar ya dawo. A ƙara kason direba da yaronsa, da baƙin mai da giris da gyara, a ce naira 14,000. An riga an wuce naira 50,000, mai mota bai ga riba ba tukuna, dillali ma bai karɓi la'adarsa ba.

Yanzu a sauya abu ɗaya kawai: motar ba ta samun aiki sai hekta 100 a shekara. Nan take wancan naira 12,500 ta zama naira 37,500. A nan ne tsadar haya ta ɓuya a ƙasarmu, kuma abin da manoma da yawa ba su lura da shi ba ke nan. Lokacin gyaran gona a Kano ko Katsina ko Maraɗi 'yan makonni ne, daga saukar ruwan shuka zuwa rufe shuka. Motar da za ta yi wata tara a ajiye dole ta fanshe kuɗin shekara a cikin waɗannan makonni. Shi ya sa masu taraktoci ke bin ruwa: su fara daga Binuwai da Nasarawa da Neja inda damina ke sauka da wuri, su gangaro kudancin Kaduna, sannan su iso arewa a watan Yuni. Haka masu taraktocin Ejura a Gana ke yi, su gama da yankinsu su haura arewacin ƙasar. Wanda ya samu aikin rani a wuraren noman ban-ruwa kamar Kadawa da Kura, ko kwarin Haɗeja, ko Bakolori, shi ma yana iya sassautawa.

Hekta ce ko eka?

A ganina, kuɗin da manoma ke asara wajen awon gona ya fi wanda suke asara wajen ciniki. Mutum zai yi rabin awa yana jayayya a kan naira 2,000, sannan ya yarda a ce gonarsa hekta biyu ce alhali ɗaya da rabi ce.

Hekta faɗin mita 100 ne da tsawon mita 100, wato murabba'in mita 10,000. Eka kuwa murabba'in mita 4,047 ce, kimanin mita 64 a kowane gefe. Ke nan kusan eka biyu da rabi su ne hekta ɗaya. Filin ƙwallon ƙafa irin na manyan gasa bai kai kashi uku cikin huɗu na hekta ba, don haka gonar da ba ta fi filin ƙwallo ba, ba hekta ba ce, komai daɗewar da aka yi ana kiran ta haka a gidanku. Idan ana kafce hekta a kan naira 50,000, eka bai kamata ta yi nisa da naira 20,000 ba. Wanda ya ce muku eka naira 25,000, a zahiri yana karɓar kusan naira 62,000 ne a hekta, ko da yake a kunne kuɗinsa ya fi sauƙi.

A wurare da dama ma ba a awon sam. Direba zai tsaya a bakin gona, ya kare ido da hannu, ya yanke kuɗi. Wani lokaci a ƙidaya kunya, wani lokaci a yi taku. Ba kullum manomi ne ke cutuwa ba. Akwai masu gonar da ke rage girman gonarsu da gangan, shi ya sa direbobi ma suka koyi ƙarawa. Maganin wannan yana cikin aljihu. Babbar waya tana iya auna gona ta hanyar tauraron ɗan'adam idan aka zagaye iyakarta da ƙafa, kuma awon bai cika kaucewa sosai ba sai a 'yar ƙaramar gona. A auna sau ɗaya, a rubuta, an huta har sai ranar da aka raba gado.

Me ya sa maƙwabcina ya biya ƙasa da nawa?

Ƙasa ba ɗaya ba ce. A jigawa mai yashi, irin ta arewacin Kano da Daura da Damagaram, sau da yawa haro kaɗai ya isa, ko ma huɗa kai tsaye, kuma zurfafa kaftu a irin wannan ƙasa kashe kuɗi ne da buɗe wa iska da ruwa hanyar kwashe ta. Fadama mai laka kuwa sai an kafce, an bi da haro, wani lokaci sau biyu, kafin ta yi laushin da shinkafa ke so. Sabuwar gona mai kututture da saiwoyi tana fasa taya, tana karya faifai, kuma tayar baya guda ɗaya na iya cinye ribar makonni. Direban da ya ƙi shiga irin wannan gona, ko ya ninka kuɗi, ba wulaƙanci yake yi ba.

Sai nisa da ƙanƙantar gona. Tarakta na shan mai a kan hanya kamar yadda take sha a gona, amma tafiyar hanya ba wanda ke biya. A 'yar gonar da ba ta kai eka ba kuma, juyawa a bakin kunya ya fi aikin yawa. Wannan ne ya sa manoman da suka haɗa gonakinsu da ke jere, suka kira mota ɗaya ta yi musu wuni biyu ko uku, suke samun ragi na gaske. Kamfanin Hello Tractor, wanda Jehiel Oliver ya kafa a Najeriya a 2014, a kan wannan dabarar ya ginu: wakili ya tattara buƙatun manoman yanki ɗaya ta waya har su kai yawan da zai sa mai mota ya taso. Ƙungiyar masu taraktocin haya ta TOHFAN ma da wakilai take aiki. Ba sai da manhaja ake yin haka ba. Gayya ce dai ta kakanni, sai dai a wannan karon kuɗi ake haɗawa, ba ƙarfi ba.

Taraktocin gwamnati, na jiha ko na ƙaramar hukuma, sun fi araha idan an same su. Matsalarsu layi. Masara ko shinkafar da aka makara wajen shukawa da mako biyu ko uku tana iya rasa buhunan da kuɗinsu ya ninka ragin da aka samu sau da yawa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa. Ga mai eka ɗaya ko biyu a jigawa kuwa, garmar shanu har gobe abokiyar lissafi ce: bijimai biyu ba sa wuce rabin hekta a rana, amma suna cikin gari, kuma ba sa jiran dizal.

Casa da girbi

A nan ma'aunin ya sauya. Injin casar masara ko dawa ko waken suya galibi da buhu ake biyansa, ba da girman gona ba, wasu kuma su karɓi hatsi a madadin kuɗi. Abin tambaya tun farko shi ne wane buhu, kuma cika ko ɗinki, sannan wa zai kawo masu zuba wa injin da masu ɗurawa. Injin girbin shinkafa, wanda ke yanka ya casa a lokaci guda, shi da hekta ake yi, kuma kuɗinsa yakan tsorata mutum a jin farko. Kafin a ce ya yi tsada, a haɗa kuɗin masu yanka da masu tarawa da masu bugu da abincinsu, da shinkafar da ke zubewa a kwanakin da take jibge a gona. Amma a bi bayan injin a duba ƙasa. Idan ana ganin ƙwaya ta zuba da yawa, ko dai direba na gudu, ko injin bai saitu ba, kuma wannan asarar ba ta fitowa a cikin kuɗin da aka yi ciniki.

A wasu ƙasashe an rage duhun da ke kan farashin haya da rubutu. Jami'ar Jihar Iowa a Amurka na tambayar manoma da masu injina kowace shekara abin da suka biya ko suka karɓa a kan kowane aiki, ta buga matsakaicin farashi tare da mafi ƙanƙanta da mafi yawa. Ba doka ba ce, madogara ce ta fara ciniki. A Jamus kuma tun 1958 manoma suka fara kafa ƙungiyoyin musayar injina a yankin Bavariya, inda mai mota ke yi wa maƙwabcinsa aiki a kan kuɗin da ƙungiya ta amince da shi. Babu abin da zai hana ƙungiyar manoman shinkafa ko masara ta ƙaramar hukuma ɗaya ta riƙa rubuta abin da mambobinta suka biya a kowace damina, da farashin dizal na makon, ta karanta a taro.

Ranar da tarakta za ta shigo gona, a tabbatar an gama magana a kan girman gona, da irin aikin, da ko haron bi ɗaya ne ko biyu, da kuma wanda zai sayi mai. Wasu masu motar sun fi son manomi ya kawo dizal ya biya kuɗin aiki daban. Idan haka ne, a zuba man a gaban mai gona. Kafin alƙalami bai kamata ya wuce kuɗin mai ba, sauran sai an ga aiki, domin direban da ya karɓe kuɗinsa duka yana da gonaki goma da ke kiran sa. Kuma mai gona ko ɗansa ya tsaya a wurin da sanda a hannu. Direban da ke sauri yakan ɗaga garma kaɗan don motar ta yi gudu ta rage shan mai, sai ƙasa ta yi kyau a ido alhali sama-sama aka karce ta. A soka sandar a wurare uku ko huɗu, har da tsakiyar gona: kaftun kirki yakan nitse kimanin santimita 20, wajen taƙi ɗaya na hannun babban mutum.