Karatun Muhalli a Ƙasashen Waje: Me Tudun Wada Ke Samu?

A da, in aka ce yaron Tudun Wadar Zariya ya tafi karatu waje, hankali kan tafi ga likitanci a Sudan ko Masar, ko ilimin addini a Madina. Yanzu wani fanni ya shigo sahu, wato kimiyyar muhalli, wadda ke nazarin ruwa da ƙasa da iska da sauyin yanayi. Masu tafiyar kuwa 'ya'yan garin ilimi ne. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, harabarta ta Kongo ma a ƙofar gidansu take. To, me ke fitar da su?

Na farko, lokaci. Yajin aikin malaman jami'a na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya ci wata takwas. Digiri na biyu da ake gamawa cikin shekara guda a Ingila kan ja ɗalibi shekara uku ko fiye a gida. Na biyu, kayan aiki. Wannan ilimi ne na awo. Kafin ka ce rijiya ta gurɓace, sai ka auna dalmar da ke cikin ruwanta, awon kuma yana buƙatar na'ura da sinadarai da wutar da ba ta ɗaukewa ana tsakiyar gwaji. Na uku, masu ba da tallafin karatu a Turai sun karkata ga sauyin yanayi, ɗan Sahel kuwa yana da abin faɗa a wannan fage, tun daga kwararowar hamada har zuwa janyewar Tafkin Chadi.

Sai dai hanyar ta tsuke. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da hukuma ke sayarwa kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Uban da a da zai sayar da fili ɗaya ya biya kuɗin makaranta, yau filin ba zai kai yaron rabin zango ba. Ingila ta hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali tun Janairun 2024, asusun TETFund kuma ya dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025. Ga tashin hankalin da ɗalibanmu suka gani a Yukren a 2022 da Sudan a 2023. Fitar ta koma ta 'ya'yan masu hali da 'yan ƙalilan da suka ci gasar tallafi.

Amfanin fitar ba abin musu ba ne. A 2010, da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara, ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta jagoranci jinya, aikin kankare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje kuwa sai da ƙwararrun kamfanin TerraGraphics suka zo daga Amurka. Da muna da isassun namu masu wannan horo, da ba a jira kowa ba.

Inda nake da damuwa shi ne abin da ɗalibin ke nazarta in ya isa can. Mai karanta kwamfuta ko lissafi, ko'ina ya je karatunsa ɗaya ne. Muhalli kuwa da wurinsa yake tafiya. Wanda ya yi bincikensa kan narkewar ƙanƙara ko kogunan Turai zai dawo da kyakkyawar takarda, amma matsalar unguwarsu daban take. A Tudun Wada, gida da gida a manne suke, rijiya da shadda taku kaɗan ne tsakaninsu. Ɗan garuwa na tura kurarsa lungu-lungu, ba mai tambayarsa inda ya ɗebo. Da damina kwata kan toshe da ledar fiya wata, ruwan ya bi ta tsakar gidaje ya gangara rafin Kubanni, da rani kuma a gaɓar Kubannin nan ake ban-ruwan latas da alayyafo da kabejin da ke shiga kasuwa. Wannan kaɗai ya isa a yi digirin digirgir goma a kansa.

Sannan ga batun dawowa. Wasu ba su dawowa sam, domin can aiki na jiransu. Waɗanda suka dawo da yawa kan ƙare a Abuja, suna rubuta wa ƙungiyoyin agaji rahoto da Turanci, manomin bakin rafi bai san an yi ba. Ba zan ɗora musu laifin duka ba, don wanda ya koyi sarrafa na'ura ya dawo bai tarar da ita ba, dole ya nemi abin da zai ci da iyalinsa.

Kuma gidan ba fanko ba ne, ko da yake mukan manta. A Samaru akwai Cibiyar Binciken Aikin Gona, akwai kuma cibiyar makamashi ta jami'a mai ƙaramar na'urar nukiliya tun 2004, wadda ake gano ma'adinan da ke cikin ƙasa da tsirrai da ita. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana horar da masana ruwa da yanayin Sahel. Shirin WASCAL da Jamus ke ɗaukar nauyi yana koyar da sauyin yanayi a Minna da Yamai.

Don haka tsarin da na fi ganin alfanunsa shi ne na raba ƙafa, irin wanda tallafin ƙungiyar ƙasashe renon Ingila ke bayarwa: ɗalibi ya yi rajistar digirin digirgir a gida, ya ɗebi ruwa da ƙasar yankinsu, ya je waje shekara guda ya auna, ya dawo ya kammala. Kuɗinsa bai kai na cikakken karatu a waje ba, sakamakon kuma namu ne. Jihar Kaduna tana cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 domin gyaran ƙasa da ruwa a Arewa. Ya kamata hukumar tallafin karatu ta jiha ta haɗa hannu da wannan shiri, ta sharɗanta wa duk wanda za ta tura cewa bincikensa a kan ƙasarmu zai kasance, kuma in ya gama ya bayyana wa masu unguwanni da manoman Kubanni sakamakonsa da Hausa.