Sassaben Zamani da Dawowar Itatuwa Gonakin Maraɗi

Da can, manomin kirki shi ne wanda ya yi wa gonarsa sassabe tas, ya ƙone duk wani toho, har ba abin da ya rage a tsaye. Malaman gona ma haka suke koyarwa. Da farin 1984 ya zo, sai iska ta riƙa binne shukar gero da rairayi a ƙasar Maraɗi, wasu su yi shuka sau biyu ko uku kafin ta tsaya.

A 1983 ne wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sarewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Ba sai an yi dashe ba, ba sai an yi ban ruwa ba. Manomi ya zaɓi rassa ƙalilan masu ƙarfi a kowane kututture, ya sare sauran, ya kare su daga awaki da masu gatari. Mutanen Nijar suka sa wa dabarar suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Gawo ne sarkin wannan aiki. Yana kakkaɓe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani sai ya yi kore shar, ya yi fure lokacin da ƙudan zuma ba su da wurin zuwa, 'ya'yansa su ciyar da dabbobi. Shanun da ke hutawa a inuwarsa nan suke barin kashinsu. Kalgo da sabara kuwa suna tare ƙasar da iska ke kwasa, ƙarƙashinsu ne bushiya da ƙadangare da fakara ke fakewa. Tsuntsayen da suka sami reshen sauka su ne masu tsince fara da tsutsa, aikin da sai an biya kuɗin maganin feshi kafin a yi shi, maganin da ke kashe har ƙwarin da ke amfanar gona.

A ganina, abin da ya fi dabarar yankan muhimmanci shi ne mallaka. Muddin itacen gona na hukuma ne, ana cin tarar wanda ya taɓa reshensa, ba manomin da zai rene shi. Sai da jami'an gandun daji suka sassauta, manomi ya tabbata icen girki da 'ya'yan itacen nasa ne, sannan aikin ya bazu daga gona zuwa gona. Irin kututturen nan suna nan birjik a gonakin Katsina da Jigawa da Sakkwato, kuma har yanzu da yawa ana cinna musu wuta kowace bazara.