Baki Shi Ke Yanka Wuya: Ikon Manyan Kotunan Gana Kan Masu Raina Su

A ranar 27 ga Yuli 2016, Kotun Ƙoli ta Gana ta ɗaure mutum uku wata huɗu-huɗu, ta kuma ci kowannensu tarar sidi 10,000. Ba sata suka yi ba, ba kuma duka. Magana ce kawai a rediyo. Su ne Alistair Nelson da Godwin Ako Gunn da mai gabatar da shirin, Salifu Maase, wanda aka fi sani da Mugabe, a gidan rediyon Montie FM da ke Akra.

Lokacin kotun na sauraron shari'ar rajistar masu zaɓe. A cikin shirin aka yi wa alƙalai barazanar kisa, kuma a jajibirin 30 ga Yuni, ranar da ƙasa ke tuna alƙalan Babbar Kotu uku da aka sace aka kashe a 1982. To ka ga an taɓo tsohon miki.

Ina koyar da darasin zaman jama'a, kuma duk sanda muka zo kan tsarin mulki sai ɗalibai su tambaye ni: "Malam, ba an ce akwai 'yancin faɗin albarkacin baki ba?" Akwai mana. Amma tsarin mulkin 1992 da ya ba da wannan 'yanci, shi ne kuma a sashe na 126(2) ya ba manyan kotuna, irin su Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara da Babbar Kotu, ikon hukunta wanda ya raina su. Sashe na 19 ya ce ba a hukunta mutum sai da laifin da rubutacciyar doka ta bayyana tare da hukuncinsa, amma ya ware raina kotu daga wannan ƙa'ida. Wato dai tsawon ɗaurin da yawan tarar suna hannun alƙalai.

Raina kotu iri biyu ne. Na farko, ƙin bin umarninta. Kotu ta ce a dakata da gini a fili har a gama shari'a, kai kuma ka kai bulo da daddare. Ko ta ce kada a naɗa sarki tukuna, aka buga ganga aka naɗa. Mu a Zango wannan ya fi kusa da mu, don rigimar fili da ta sarauta ba baƙi ba ne. Na biyu, maganar da za ta tsorata alƙali ko shaida, ko ta zubar da mutuncin kotu a idon jama'a.

Tun kafin 'yan Montie an ga haka. A 2013, lokacin shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ƙarƙashin Mai Shari'a William Atuguba, an ɗaure ɗan jarida Ken Kuranchie kwana 10, Stephen Atubiga na jam'iyyar NDC kwana 3, sannan aka ci babban sakataren NPP na lokacin, Kwadwo Owusu Afriyie, tarar sidi 5,000. Ba a bar jam'iyya ko ɗaya ba. A 2023 kuma rubutu ne a Twitter ya kai malamin jami'a Michael Kpessa-Whyte gaban Kotun Ƙoli. Ya ba da haƙuri, aka ja masa kunne aka sallame shi.

Ni dai ina ganin ikon nan dole ne. In mai ƙarfi zai iya take umarnin kotu ya kwana lafiya, talaka da marasa rinjaye irinmu ne za su fara shan wuya. Sai dai akwai abin dubawa: alƙalan da aka zaga su ne ke kiran mutum, su ne ke yanke masa hukunci, kuma in Kotun Ƙoli ce babu wata kotu a samanta. Ya kamata majalisa ta yi dokar da za ta fayyace laifin, ta sa iyaka ga hukuncinsa, don kada tsoro ya hana mutane sukar hukunci da hujja.

Kafin nan, ga matasanmu masu kiran gidajen rediyo da tura murya a WhatsApp: ka ce hukunci bai yi maka ba, ka kawo dalili, wannan haƙƙinka ne. Ka ce an sayi alƙali ba tare da shaida ba, ko ka ce ka san gidansa, wannan kuma wani abu ne daban. 'Yan Montie sun fito bayan wata ɗaya saboda Shugaba John Mahama ya yafe musu sauran ɗaurin a watan Agusta 2016, bisa ikon da sashe na 72 ya ba shi, bayan magoya bayansu sun yi ta tara sa hannu. Ɗan Nima ko Aboabo da ya ari bakin 'yan siyasa ya ci musu albasa, wa zai tara masa sa hannu?