Kaza da Alade a Tanderu: Cimar Dare a Tsakiyar Amurka

Da misalin ƙarfe biyar na yamma, a garuruwan jihohin Ohio da Indiana da Iowa, hidimar gida takan koma kicin. Tsakanin uwargida da maigida, duk wanda ya riga dawowa daga aiki shi zai kunna tanderu, ya kai zafinsa maki 200 a ma'aunin Salshiyos, wato kimanin 400 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa suka saba da shi. Zuwa ƙarfe shida ana so kowa ya hallara a tebur, kuma cikin abincin da aka fi yawan girkawa a irin wannan lokaci akwai kaza ko naman alade da aka lulluɓe da garin busasshen burodi aka gasa.

Aikin yana da tsari. Kwano uku ake jerawa: na farko fulawa da gishiri da masoro, na biyu ƙwai da aka kaɗa, na uku garin burodi da aka haɗa da tafarnuwa da garin tattasai. Idan tsokar ta yi kauri, sai a sa ƙaramar guduma a bubbuga ta har ta baje, don ta nuna bai ɗaya. A tsoma ta a kwanukan bi da bi, a yayyafa ɗan mai, a jera a kan ragar ƙarfe yadda zafi zai ratsa sama da ƙasa. Wanda ya ga yadda mai tsire ke turmusa nama a garin ƙuli-ƙuli ya gane hikimar: ɓawon waje ya yi rumus, ciki kuma ya riƙe romonsa. Tsokar ƙirjin kaza takan nuna cikin minti 20 zuwa 25, cinya mai ƙashi kuwa takan kai minti 40.

Daga Turai al'adar ta taso. Mutanen Biyena, babban birnin Ostiriya, sun yi suna da soya naman ɗan maraƙi cikin garin burodi, Jamusawa kuma suka fi yi da alade saboda ya fi araha. Da dubban Jamusawa suka yi ƙaura zuwa tsakiyar Amurka a ƙarni na 19, sai suka tarar da ƙasar masara, inda kiwon alade ya yi albarka. A wancan zamani birnin Cincinnati ya zama cibiyar yanka da sarrafa aladu, yau kuma Iowa ce kan gaba a kiwonsu a duk ƙasar. A garin Huntington na jihar Indiana, wani ɗan asalin Jamus mai suna Nick Freienstein ya buɗe gidan abinci a 1908, kuma gare shi ake danganta faffaɗan soyayyen naman nan da ke zarce burodin da aka sa shi ciki, wanda mutanen jihar ke tinƙaho da shi har yau.

Amma duk wannan suya ce, mai cin mai da lokaci, ga tsayuwa a gaban wuta. Canji ya zo a 1965, lokacin da kamfanin General Foods ya fito da Shake 'n Bake, wani haɗaɗɗen gari a kwali tare da leda. A jefa nama a ledar, a girgiza, a zuba a faranti, sai tanderu. Ya zo a kan gaɓa, domin a shekarun ne mata suka riƙa fita aiki da yawa, daga baya kuma likitoci suka matsa da gargaɗi a kan maiƙo. Girgiza ledar ta zama aikin yara, kuma nan ne da dama daga cikinsu suka fara sa hannu a girki.

Ba a kawo naman shi kaɗai. Farantin Ba'amurke na gargajiya kashi uku ne: nama, abu mai cika ciki, da ganye. Dankalin Turawa da aka dafa aka murƙushe da madara da man shanu shi ne kan gaba, sai makaroni da cuku, wanda kamfanin Kraft ya fara sayarwa a kwali a 1937, lokacin da talauci ya addabi ƙasar. Akwai kuma koren wake da ake gasawa cikin miya mai kauri a barbaɗa soyayyar albasa a kai, girkin da Dorcas Reilly ta kamfanin Campbell ta ƙirƙiro a 1955. Alade yana da nasa abokin tafiya, wato dafaffiyar tuffa da aka markaɗa, domin ɗan tsaminta yana kashe maiƙo. Gwanaye kan zuba dankali da karas a gefen farantin naman, wuta guda ta gama komai, wanke-wanke ya ragu.

Tsofaffin matan yankin sun saba gasa alade har ya bushe ƙamas, saboda tsoron wata tsutsa da ke ɓuya a tsokarsa. Da kiwo ya inganta, a 2011 Ma'aikatar Noma ta Amurka ta sauko da zafin da ake bukata a cikin naman zuwa maki 63 na Salshiyos, da sharaɗin a bar shi ya huta minti 3 kafin a yanka. Kaza dai dole cikinta ya kai maki 74, shi ya sa ɗan ma'aunin zafi mai tsini yake cikin kayan kicin na gidaje da yawa.

Imani ma yana da ta cewa a tebur. Iyalai Kiristoci da dama sukan riƙe hannun juna su yi addu'a kafin a fara ci. 'Yan ɗariƙar Katolika sukan ƙaurace wa nama a ranakun Juma'a na lokacin azuminsu, sai su lulluɓe kifi da garin a maimakonsa. Jikokin Jamusawa a Pennsylvania kuwa alade da tsamammen kabeji suke ci ranar sabuwar shekara, ba sa taɓa kaza, wai don alade gaba yake tono, kaza kuma baya take tona ƙasa.

Musulmi da Yahudawa, waɗanda addininsu ya haramta musu alade, sun ɗauki dabarar sun bar naman. A Dearborn ta jihar Michigan, inda Larabawa suke da yawa, mahautan halal suna sayar da tsokar kaza da aka riga aka fere don wannan gashi, kuma ana cinta da shinkafa da miyar tafarnuwa. Kaza ce naman da aka fi ci a Amurka a yau, ta wuce na shanu, ta wuce na alade.