Leigh Brackett: Marubuciyar da Ta Taso Daga Mujallun Kwabo-kwabo

Daga wajejen 1896 zuwa shekarun 1950, akwai wasu mujallun labarai a Amurka da ake bugawa a kan takarda mafi araha, wadda ake yi da niƙaƙƙen itace. Takardar kaushi gare ta, kuma ba ta daɗewa sai ta yi ja ta fara marmashewa. Daga sunanta ne mujallun suka samo nasu suna, ake ce musu "pulp". Bangonsu kuwa launi ne iri-iri: jarumi riƙe da bindiga, dodo ya buɗe baki, jirgi ya doshi taurari. Da senti 10 zuwa 25 yaro zai sayi guda, ya karanta ya miƙa wa abokinsa. Iyaye da malamai ba su ɗauke su a bakin komai ba, shirme kawai suke kiransu.

A cikin wannan kasuwa ne Leigh Brackett ta koyi sana'arta. An haife ta a birnin Los Angeles ranar 7 ga Disamba, 1915. Tun tana yarinya ta ci karo da labaran Edgar Rice Burroughs game da duniyar Mas, shi ke nan zuciyarta ta tafi can. A 1940 mujallar Astounding Science Fiction ta buga labarinta na farko, "Martian Quest". Daga baya ta fi samun wurin zama a Planet Stories, mujallar da ko a cikin 'yan'uwanta ake yi wa kallon ta yara.

Sai mutum ya san yadda ake biyan marubuta a lokacin zai gane irin horon da ta sha. Yawanci senti ɗaya ake ba su a kan kowace kalma. Labari mai kalmomi 5,000 ya kama dala 50 ke nan, in edita ya karɓa. In bai karɓa ba, an yi aikin banza. Mai son ya ci abinci da alƙalaminsa dole ya yi rubutu da sauri, ya kama mai karatu tun a shafin farko, ya hana shi ajiye mujallar. Wasu wannan matsi ya lalata musu hannu, ita kuwa wasa mata alƙalami ya yi.

Duniyar Mas ta Brackett tsohuwar ƙasa ce da tekunanta suka ƙafe, mai kufan birane, da ayarin fatake, da ƙabilun da baƙi daga duniyarmu suka zo suna wawashe musu arziki. Fitaccen jaruminta shi ne Eric John Stark, wanda ya fara bayyana a 1949. Maraya ne da 'yan asalin duniyar Makyuri suka rena, kuma a rubuce baƙar fata gare shi, amma masu zanen bango suka riƙa fitar da shi fari fat. Stark yakan tsaya ne a ɓangaren waɗanda aka mamaye, abin da mai karatu daga ƙasar da ta ɗanɗana mulkin mallaka zai fahimta ba sai an yi masa bayani ba.

Hanyarta ta shiga fim ta ban dariya ce. A 1944 ta fitar da littafin binciken kisan kai mai suna No Good from a Corpse. Daraktan nan Howard Hawks ya karanta, zafin hirarrakin ciki ya burge shi, ya sa a nemo masa marubucin. Da yake maza da mata duk suna amsa sunan Leigh, namiji yake jira, sai ga budurwa ta shigo. Bai fasa ba, ya haɗa ta da William Faulkner suka rubuta fim ɗin The Big Sleep na 1946. A lokacin tana tsakiyar wani labari da ta yi wa Planet Stories alkawari, sai ta miƙa wa wani matashi da ta daɗe tana duba wa rubutu ya ƙarasa. Wannan matashin shi ne Ray Bradbury, wanda daga baya ya shahara a duniya. A ƙarshen 1946 ta auri Edmond Hamilton, shi ma gwanin irin waɗannan labarai, kuma Bradbury ne ya yi abokin ango.

Ta ci gaba da riƙe sana'o'in biyu. Littafinta The Long Tomorrow na 1955, kan rayuwa bayan yaƙin nukiliya, ya shiga jerin masu takarar kyautar Hugo. Ta rubuta wa Hawks Rio Bravo na 1959, da Hatari! na 1962, wanda aka ɗauka a Tanganyika. Sunan fim ɗin Swahili ne, ma'anarsa hatsarin nan da muka sani.

A 1965 kumbon Mariner 4 ya aiko da hotunan Mas: ramuka da ƙura, babu kogi babu birni. Kimiyya ta rushe mata fagen labarinta. Sai ta ɗauke Stark ta kai shi wata duniya da ta ƙirƙira, mai suna Skaith, a littattafai uku tsakanin 1974 da 1976. Aikinta na ƙarshe shi ne rubutun farko na The Empire Strikes Back, fim na biyu a jerin Star Wars, wanda George Lucas ya ba ta. Ta miƙa shi a farkon 1978, cutar daji ta yi ajalinta a watan Maris na shekarar. Ko da yake an sauya abubuwa da dama bayan rasuwarta, sunanta na jikin fim ɗin da ya fito a 1980.

Mu ma muna da irin wannan adabi. Littattafan da ake yi wa laƙabi da adabin kasuwar Kano sun sha raini saboda arahar takarda da bango, alhali daga cikinsu marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu suka fito har suka kai ga fim. Don haka duk wanda ya ga ɗansa ko 'yarsa riƙe da ɗan littafin da bangonsa bai kai ya kawo ba, ya karɓa ya karanta tukuna kafin ya yanke hukunci.