Ɗiyanmu na faɗuwa a aji: wa ke sauraron su bayan an tashe su?

Tun farkon shekarun 2000 wani al'amari yake ta maimaituwa a kolej-kolej da lise-lise na ƙasarmu, daga Yamai har Maraɗi, Tawa da Damagaram. Ana tsakiyar darasi sai yarinya guda ta kurma ihu ta faɗi, kafin a ankara biyar ko goma sun bi ta. Ƴan lakwal su watse, mushe ya rasa ta cewa, darakta ya aika a kira malamai su yi ruƙiyya, wani lokaci a rufe makarantar kwana biyu. Ƴan boko sun laƙaba wa abin suna «génie tchatcheur», sauran jama'a kuwa suna cewa aljannu ne. Da ƙura ta lafa sai kowa ya koma harkarsa. Yarinyar ta koma bencinta da duk abin da ke cin ranta, ba wanda ya zauna da ita ya ce: «Ɗiyata, me ke damun ki?»

Ba sai mun shiga gardamar malamai da likitoci ba, domin addu'a ba ta hana magani. Likitoci dai sun san wannan yanayi a ƙasashe da dama. Sun ce jiki yakan faɗi abin da baki ya kasa faɗa, kuma firgici yakan yaɗu a aji mai cunkoso kamar wuta a zana. To, mene ne bakin ɗiyanmu ya kasa faɗa?

Mu duba kayan da ke kan ƴar shekara 14. Binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin ɗari na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin su cika shekara 18. Wadda ke aji na ukun kolej ta san ana iya cire ta ko yaushe, ko da ita ce ta ɗaya. Ga aikin gida, ga talla, ga jarrabawar BEPC da ake cewa ita ce makomarta. Ƴar ƙauye kuwa, wadda ba kolej a garinsu, gidan mai masauki ake kai ta a birni, inda sau da yawa take zama ƴar aiki, ba ta da wanda za ta kai wa kuka.

Samari ma ba su tsira ba, sai dai tasu damuwar takan ɓuya a fada, wurin shan shayi. Can ne wasu ke fara haɗiyar taramol, maganin ciwo mai kama jiki, wanda yawansa ke jawo farfaɗiya. Ga kuma rashin tsaro: an rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, kuma tun 2019 yankunan Gidan Rumji da Madarunfa suka sha fama da ƴan bindiga masu satar mutane. Yaron da ya ga an tafi da ubansa cikin dare, ina zai sami natsuwar lissafi?

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce ɗaya cikin bakwai na yara ƴan shekara 10 zuwa 19 a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma rabin irin waɗannan larurori suna farawa ne tun yaro bai wuce shekara 14 ba. A ƙasar da kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, wannan magana ta shafi kowane gida.

Me muka tanada? Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai suke. Sunan «Pavillon E» na Babban Asibitin Ƙasa kaɗai ya isa ya tsorata iyaye, don ba mai son a ce ɗiyarsa ta haukace, ta rasa mijin aure. A lakwal kuma aikin sarbayan shi ne rubuta makara da horo. Alhali kuwa dokar ran 5 ga Disamba 2017 ta ɗora wa hukuma alhakin kare yarinya da tallafa mata muddin tana karatu. Tallafin da bai haɗa da saurare ba kuwa, da sauransa.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba. Kowace kolej ta keɓe malami guda da malama guda, masu riƙon sirri, a ba su horo da ɗaki da awowi sanannu cikin mako. Kwamitin COGES da ƙungiyar uwaye mata ta AME su sa ido, su kuma shiga tsakani idan maganar aure ko mai masauki ta taso. Abin da ya fi ƙarfin malami a miƙa shi CSI mafi kusa, domin tun 2008 OMS ta fito da shirin mhGAP don koya wa ma'aikatan lafiya na gama-gari gane damuwa mai tsanani da farfaɗiya da illar ƙwaya. Ɗaliban da suka karanci ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Abdu Mumuni su ma a jawo su cikin aikin.

Kai Alhaji da ke kasuwa daga safe har magariba, da kai ma'aikaci mai biyan kuɗin darasin yamma kowane wata, akwai alamun da ba sa bukatar likita kafin a gan su: yaro ya daina cin abinci ko barci, ya janye daga abokai, makinsa ya faɗi farat ɗaya, ko ya riƙa cewa gara ya mutu. Wannan magana ta ƙarshe kada a ɗauke ta wasa, kada a amsa ta da bulala. A kai shi likita a ranar. Idan kuma aka kira taron iyaye na gaba, a tashi a tambayi darakta: a wannan lakwal, wa ɗiyanmu za su je wa idan ransu ya ɓaci?